Sifilin da Muka Samu a Zauren Surukina

Shekarar da aka sake buɗe makarantu a Maiduguri, muna zaune a gidan surukina a Lamisula. Mun baro ɗakin da muke haya a Bolori tun lokacin da harbe-harbe suka yi yawa a layinmu. Maigidana ya ce mu koma gidansu kafin abubuwa su lafa, muna ganin wata biyu ko uku za mu yi, sai ga shi mun share shekara huɗu. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata, kuma duk tsawon lokacin da makarantu ke rufe, a gida nake, ina taya uwar mijina aiki.

A shekaru biyun farko, gaisuwa ce kawai tsakanina da surukina. Da safe in durƙusa daga bakin zaurensa in gaishe shi, ya amsa da "Wushe, wushe," gaisuwarsu ta Barebari, ya sa mini albarka, in tashi in ba shi wuri. Ba na cin abinci a gabansa, ba na ɗaga murya idan yana gida. Iyakar abin da na sani game da shi, ya yi aiki a ma'aikatar gona har ya yi ritaya, ba ya rabuwa da rediyonsa, kuma yana da wasu tsofaffin fayiloli a cikin akwatin ƙarfe waɗanda uwar mijina ta sha yin barazanar za ta hura wuta da su. Ban taɓa tambayar irin aikin da ya yi ba. A wurinmu suruka ba ta irin wannan tambaya.

Da muka koma makaranta, mun tarar da ita ba yadda muka bar ta ba. 'Yan gudun hijira sun zauna a azuzuwan fiye da shekara kafin a mayar da su wani wuri. Bango ya yi baƙi da hayaƙin girki, bencuna da yawa sun tafi a murhu. Ban ga laifin kowa ba, wanda ya gudo da rigar jikinsa kaɗai dole ya dafa abin da zai ci. Tare da ɗalibanmu na da, sai aka kawo mana sababbi masu yawa daga garuruwa da ƙauyukan da aka watse. Wasu watanni kaɗan suka yi ba sa zuwa makaranta, wasu shekara, wasu sun doshi shekara uku. Da farko aka raba su azuzuwa bisa shekarun haihuwa, don dai a samu a fara.

Shugabar makarantarmu mace ce mai tsari, ba ta da mugunta, amma ba ta son abin da ba shi da ƙa'ida. A taron malamai ta kawo shawarar cewa duk yarinyar da ta yi shekara ba karatu a mayar da ita baya da aji ɗaya, mai shekara biyu da aji biyu, haka har a kai ƙarshe. Kowa ya ce hakan ya yi, har da ni. Ai abu ne da hankali zai ɗauka: wanda ya fi daɗewa a gida shi zai fi mantuwa.

A ajina na uku akwai wata doguwar yarinya 'yar Shuwa, daga wajen bakin tafki, wadda ta kusa shekara uku rabonta da allo. A bayan aji take zama, ba ta magana da kowa. Wata rana na rubuta lissafin rabon ɓangarori a allo, na juya ke nan zan zaga, sai na ga ta ɗaga takardarta sama. Na je na duba, amsar daidai, kuma kafin kowa. Ranar da aka sanar da ɗalibai sabon tsarin, ta jira kowa ya fita, ta zo ta tsaya a gefen teburina. Hausarta ba ta nuna ba, amma na gane abin da take nufi sarai.

"Malama, ni aji ɗaya a'a. Ni gida," in ji ta.

Na kwana da maganar nan a raina. Washegari na roƙi shugaba ta ba ni mako guda in yi wa dukan yaran da suka dawo gwajin lissafi iri ɗaya, kafin a fara mayar da kowa baya. Ta ce in yi, ko da yake a ganinta an riga an san abin da zai fito. Na shirya tambayoyi daga abin da ya kamata kowace yarinya ta sani tun ƙarshen firamare, na sa kowacce ta rubuta a saman takardarta watanni nawa ta yi ba ta zuwa makaranta. Waɗanda ba su iya ƙirgawa da wata ba, muka ƙirga da azumi da damina.

Ranar Juma'a na kwaso takardun zuwa gida. A yammacin ranar aka kai hari a wata unguwa ta bakin gari, aka sa dokar hana fita ta kwana biyu, ba shiga ba fita. Washegari na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya na yi ta maki. Da na gama, na jera takardun daga wadda ta fi ƙarancin watanni zuwa wadda ta fi yawa, ina jiran in ga maki yana sauka kamar matakala. Bai sauka ba. Ga mai wata biyar ta faɗi warwas, ga mai shekara biyu ta ci kusan duka, ga wata mai shekara biyun ta ci rabi. Na juya su ta nan, na juya ta can, na rasa abin da zan je in faɗa. Idan na ce wa shugaba a idona ban ga komai ba, za ta ce idon nawa ne ke son yarinyar.

Na yi wa maigidana ƙorafi. Ya yi dariya, ya ce ga mai aikin a zaure ina wahalar da kaina, ai Baba shekara talatin ya yi a sashen ƙididdiga yana wannan abu. Na ce ya rufa mini asiri, ni ba zan iya zama gaban Baba da takardu ba. Amma da ya kai masa abincin rana sai ya faɗa masa. Bayan azahar uwar mijina ta leƙo ta ce Baba na kirana, in zo da takardun.

Ita ma ta biyo ni, ta zauna a bakin ƙofa da faifan wake tana tsincewa, don dai kar in zauna ni kaɗai. Na ja lafayata na rufe rabin fuska, na zauna can ƙarshen tabarma. Baba ya tambaye ni ko an koya mana ma'aunin alaƙa a kwaleji. Na ce an koya mana, mun haddace don jarrabawa, mun manta. Ya ce haka kowa yake yi. Sai ya bayyana mini da Hausarsa mai karin Barebari, a hankali, kamar mai ba da labarin gona. Ya ce lamba ce guda da ake fitarwa daga jeri biyu na lambobi, don a ga ko suna tafiya tare. Idan ɗaya na hawa ɗayan ma na hawa ba kuskure, za ta ba da ɗaya. Idan ɗaya na hawa ɗayan na sauka ba kuskure, za ta ba da ɗaya mai alamar ragi. Duk sauran al'amuran duniya suna tsakanin nan ne. Ya ce idan shugabarku na da gaskiya, za mu samu lamba mai alamar ragi, mai ɗan girma, domin watanni na ƙaruwa maki na raguwa.

Ya sa aka buɗe akwatin ƙarfen nan, ya ciro wata tsohuwar kalkuleta mai aiki da hasken rana, ya ajiye ta a bakin ƙofa ta ɗan sha rana. Da farko ni nake karanto lambobin yana latsawa, amma idonsa ya yi rauni, yana ta kuskuren madanni, sai muka yi musanya. Shi ke faɗin abin da za a tara da abin da za a ninka, duk da ka, ni ina latsawa ina rubutawa. Ba mu gama ba sai da aka kira la'asar. Bayan salla ya ce a sake daga farko, domin shi bai taɓa yarda da lissafin da aka yi sau ɗaya ba. Duka biyun abu guda suka ba mu: lambar ta fito dab da sifili.

Daɗi ya kama ni har na manta a gaban wa nake. Na ce ashe ke nan babu wata alaƙa tsakanin zaman gida da ƙoƙarin yaro, gobe ma in da hanya zan je in faɗa musu.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Ba abin da ta ce ke nan ba. Ta ce ba ta ga miƙaƙƙen layi ba. Layi kaɗai take iya gani."

Sai ya ba ni labarin abin da ya faru da shi yana sabon ma'aikaci. An tura shi ya tattaro bayanin ruwan sama da na amfanin gero daga gundumomi da yawa. Ya yi lissafinsa, ya samu kusan sifili, ya zauna ya rubuta rahoto cewa yawan ruwan sama bai shafi gero ba. Ubangidansa ya karanta, bai yi masa faɗa ba, sai ya kira wani tsohon masinja da ke noma a ƙauyensu, ya ce Baba ya maimaita masa abin da ya rubuta. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce idan ruwa ya yi kaɗan gero ya ƙone, idan ya zo daidai a cika rumbu, idan ya yi yawa ya kwanta a gona gero ya yi ja ya ruɓe. Baba ya ce da ya koma ya zana bayanin a takarda, sai ɗige-ɗigen suka hau suka sauko kamar ƙwarya a kife. Hawan da saukar suka cinye juna, shi ya sa aka samu sifili, alhali kuwa babu abin da ya shafi gero kamar ruwa. Tun daga ranar, in ji shi, bai ƙara faɗin lambar nan ga kowa ba sai ya zana ya gani da idonsa.

Ba mu da takarda mai gida-gida, kuma ba halin fita saye. Washegari da hantsi, dokar na nan, Baba ya ce tabarmar ma ta isa, tunda saƙarta layi-layi ce. Ya karɓi wake a hannun uwar mijina. Gefen tabarma na ƙasa ya zama watanni, gefen hagu ya zama maki, kowace ƙwayar wake yarinya ɗaya. Ina karantowa, ina ƙirga layi, ina ajiyewa. Da na ajiye ta ƙarshe muka ja baya muka duba. Babu layi, babu ƙwarya. Waken ya bazu ko'ina kamar tsabar da aka watsa wa kaji.

Baba ya ce to, yanzu zan iya magana. A cikin yaran nan, sanin watannin da yarinya ta yi a gida ba zai taimake ni in yi hasashen makinta ba ko kaɗan. Wanda ya raba su azuzuwa da wannan ma'auni, daidai yake da wanda ya raba su da ƙuri'a. Amma bai bar ni na kwashe waken ba. Ya sunkuya sosai saboda idonsa, ya bi ƙasan tabarmar da yatsa, inda wasu ƙwayoyi suka yi jeri tun daga hagu har dama, duk a ƙasa, da 'yan wata kaɗan da 'yan shekaru. Ya tambaye ni su wane ne waɗannan.

Na koma cikin takardun na zaro nasu. Ina ganin sunayen na gane su. Yawancinsu 'yan Shuwa ne, da wasu daga duwatsun kudancin jiha, da 'yan ƙauyukan Barebari da ba su taɓa zama birni ba. Na buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Duk inda tambaya lambobi ce zalla, sun yi, da yawa daidai. Duk inda tambaya ta zo cikin labari da Turanci, wadda ni na fassara musu da Hausa a tsaye a gaban aji, sun bar wurin fari. Har doguwar yarinyata, wadda ta faɗo tsakiya, haka takardarta take. Ashe rabin gwajin nawa ba lissafi na gwada ba, harshe na gwada. Kunya ta kama ni, na faɗa wa Baba hakan. Ya ce ba komai, shi ma ai sai da masinja ya yi masa dariya.

Ina tattara takardu ya ƙara magana ɗaya, kuma ita ce ta fi zama mini.

"Kar ki je ki ce musu zaman gida bai cutar da kowa ba. Wataƙila kowace ɗaya a nan da ta fi haka in da ba a kore ta ba. Kuma waɗannan su ne suka dawo. Waɗanda ba su dawo ba, ba su da wake a tabarmar nan."

Uwar mijina ta ajiye faifanta ta shiga ciki. Jikar ƙanwarta na cikin waɗanda har lokacin ba a san inda suke ba. Na ci gaba da tattara takardun, rediyo na ta magana ƙasa-ƙasa.

Ranar Litinin aka sassauta dokar. Na zana ɗige-ɗigen a bayan wata tsohuwar kalanda, na hau keke napep, muka bi shingen sojoji uku kafin mu isa. A taron malamai na liƙa takardar a allo na yi bayani. Wani babban malami, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce wato ina so in ce zuwa makaranta da rashin zuwa duk ɗaya ne, to me muke yi a nan. Wasu suka yi dariya. Da ban zauna da Baba ba, da nan zan yi ta musu in rasa mafita. Na ce masa ba haka nake nufi ba, zaman gida ya cutar da su, amma ba daidai da yawan watanni ba, don haka watanni ba za su gaya mana ajin da ya dace da yarinya ba, sai mun duba ita kanta yarinyar. Na nuna musu jerin ƙasa, na faɗi kuskuren da na yi game da harshe.

Shugaba ta taso ta tsaya gaban takardar ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni wa ya taya ni wannan aiki, na ce surukina. Ta ce a gaishe shi. Sannan ta yanke cewa za a sake gwajin, a ƙara da karatu da rubutu, a karanta wa kowace yarinya tambayoyin da harshen da take ji, kuma abin da ta ci shi zai nuna ajinta. Malamin Arabiyyarmu, wanda shi ma Shuwa ne, ya ce zai karanta wa nasu. Malamai biyu suka ɗauki Barbarci. Wata mai shara, 'yar kudancin jiha, aka roƙe ta ta zauna da 'yan duwatsu, ta zo ranar da sabon zane kamar mai zuwa biki.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Da yawa daga cikin 'yan jerin ƙasa sun ɗago sosai, amma wasu ba su ɗago ba, aka mayar da su baya. Cikin waɗanda aka mayar har da yaran da watanni kaɗan suka rasa, waɗanda a tsarin farko da ba a taɓa su ba. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya zo har ofis ya zazzage ni, ya ce ni na jawo wa 'yarsa, kuma ban iya cewa ƙarya yake ba. Wasu 'yan mata biyu sun daina zuwa duk da haka. Doguwar yarinyar ta zauna a aji uku. Malamin Arabiyya ya riƙa zama da ita da 'yan'uwanta rabin awa bayan an tashi, har Hausarsu da Turancinsu suka ɗan kama ƙasa. Ta rubuta jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare ta ci, ta zo ta nuna mini sakamakon da hannu biyu. Daga baya iyayenta suka tashi daga Galtimari inda suke rakuɓe a gidan dangi, suka koma wani gari, labarinta ya yanke mini.

A gida kuwa, zauren Baba ya daina yi mini kwarjinin da. Ban daina durƙusawa ba, ban daina rufe fuska ba, amma bayan la'asar yakan aiko a tambaye ni ko akwai wani lissafi. In babu, ya ciro fayil ɗaya ya ce in karanta masa, yana gyara mini, yana gaya mini garin da aka tattaro kowane shafi, garuruwan da a lokacin ba mai iya zuwa cikinsu. Uwar mijina takan ce ta ga ranar da tarkacen nan suka samu mai so.

Da gari ya ɗan yi sauƙi muka shirya komawa Bolori. Ranar da muke ɗaure kaya, Baba ya kira ɗansa zaure ya yi masa magana da Barbarci, yana zaton ba zan ji ba daga tsakar gida. Na ji. Cewa ya yi ya bar ni in koma karatu, kar ya ce yaranmu sun yi ƙanana, uwarsa za ta riƙe su. Maigidana ya fito yana murmushi, ni kuma na yi kamar ina neman murfin tukunya.

Shekara ta zagayo na samu gurbi a jami'a, sashen lissafi da ƙididdiga. Ranar rajista Baba ya ce sai ya raka ni. Aka yi aka yi ya zauna saboda layin bincike a ƙofar shiga da zafin rana, ya ƙi. Ya sa babbar rigarsa da doguwar hularsa, muka hau keke napep mu uku, ni da shi da maigidana. A ƙofa aka sauke kowa, aka caje mu, ya ɗaga hannuwansa kamar kowa. Ya zauna a kan benci a inuwa tun hantsi har azahar ina bin ofis-ofis. Da na fito da takardar shaidar rajista, ya karɓa ya kai ta dab da idonsa, ya kasa karantawa, ya miƙo mini ya ce in karanta masa sunan sashen. Na karanta. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya miƙe ya ce mu tafi, kar a rasa jam'i.

Ina aji biyu Allah ya yi masa rasuwa, bayan gajeruwar jinya, a ɗakinsa, cikin 'ya'yansa da jikokinsa, abin da mutane da yawa a garinmu ba su samu ba a shekarun nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya saka masa da alherin da ya yi mini da yaran da bai taɓa ganin fuskarsu ba.